Daga Baikonur Zuwa Kano: Tseren Sama da Aka Yi a Kunnen Duniya

Kafin Yuri Gagarin ya shiga kumbonsa da safiyar Laraba, 12 ga Afrilu 1961, an riga an rubuta labarinsa har kashi uku. Hukumomin Tarayyar Sobiyet sun shirya ambulan uku a rufe, suka aika wa kamfanin dillancin labarai na TASS. Ta farko tana ɗauke da albishir na nasara. Ta biyu roƙo ne ga ƙasashen duniya su taimaka a nemo matuƙin idan ya faɗa wata ƙasa ko cikin teku. Ta uku sanarwar rasuwa ce. Umarnin shi ne kada a buɗe kowacce sai manya sun bugo waya sun faɗi wadda za a buɗe.

Ta farkon aka buɗe. Yuri Levitan, mai shelar da muryarsa ta karanta wa mutanen ƙasar labaran yaƙin duniya na biyu, shi ya katse shirye-shiryen Rediyon Mosko ya sanar cewa ɗan'adam ya fita sararin samaniya. A lokacin Gagarin yana can sama, bai sauko ba. Ya tashi yana laftanar, sanarwar ta kira shi manjo, domin an yi masa ƙarin girma yana cikin tafiya. Ana ba da labarin cewa da aka gaya wa mahaifinsa wani Manjo Gagarin ya tafi sama, sai ya ce ai ba ɗansa ba ne, nasa laftanar ne.

Saurayin ɗan shekara 27, ɗan kafinta daga ƙauyen Klushino, wanda ya fara koyon aikin narka ƙarfe kafin ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108 a kumbon Vostok 1. A kan nahiyar Afirka rokar birkinsa ta kama, ya ratso ta saman Masar, ya dira a wata gona kusa da garin Engels a yankin Saratov, inda wata mata da jikarta suka ga mutum cikin tufafi masu ruwan lemo da farar hular ƙarfe yana nufo su.

Wannan shi ne abin da duniya ta ji. Abin da ba ta ji ba ya fi yawa. Ba a faɗi cewa ɓangaren injin kumbon ya ƙi rabuwa da ɗakin matuƙi a kan lokaci ba, har kumbon ya yi ta juyi da shi na wasu mintuna. Ba a faɗi cewa Gagarin bai sauka a cikin kumbon ba: kujera ce ta cilla shi waje a nisan kilomita 7 daga ƙasa, ya ƙarasa da laima. An ɓoye wannan shekara goma cur, saboda ƙa'idar hukumar da ke rajistar bajintar jiragen sama ta duniya ta ce matuƙi ya sauka tare da abin hawansa. Hatta sunan wurin tashi yaudara ce: filin yana Tyuratam, amma aka laƙaba masa sunan Baikonur, wani garin haƙar ma'adinai da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga wurin. Sergei Korolev, injiniyan da ya jagoranci aikin gaba ɗaya, jaridu ba su taɓa buga sunansa a matsayin haka ba sai da ya rasu a watan Janairun 1966. Valentin Bondarenko kuwa, abokin horon Gagarin da gobara ta kashe a ɗakin gwaji ranar 23 ga Maris 1961, sai a 1986 jaridun ƙasarsa suka ambace shi.

Haka Mosko ta tafiyar da labarinta: a yi a ɓoye, idan an ci nasara a yi shela, idan an faɗi a yi gum.

Amurka ba ta da wannan damar, ko da ta so. Tun ranar 6 ga Disamba 1957, wata biyu bayan Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, ta ɗanɗana kunyar yin abu a bainar jama'a, lokacin da rokar Vanguard ta ɗaga sama kamar mita ɗaya ta faɗo ta kama da wuta a gaban kyamarori. Jaridun duniya suka yi ta yi mata dariya. Amma hukumar NASA, wadda aka kafa a 1958 a matsayin ta farar hula, ta mayar da wannan rauni jari. Ranar 9 ga Afrilu 1959 ta gabatar wa 'yan jarida matuƙa bakwai na shirin Mercury, tun ba wanda ya taka ko'ina. Mujallar Life ta biya su dala 500,000 domin ta riƙa buga labarin rayuwarsu da ta iyalansu ita kaɗai. Mako-mako masu karatu na ganin matansu a kicin, 'ya'yansu a bakin ƙofa, su kuma a coci ko cikin motocin tsere. An tace labaran ƙwarai; shaye-shaye da neman mata da wasunsu suka yi suna a kai ba su shiga mujallar ba. Ke nan ita ma Amurka tana da nata rufin asirin, sai dai nata na halin mutum ne, ba na faɗuwar roka ba.

Kafin mutum, dabbobi ne suka share hanya. Sobiyet ta yi da karnuka: Laika da ta mutu a sama a 1957, sai Belka da Strelka da suka dawo da rai a watan Agustan 1960. Amurka ta yi da birai. Wanda ya fi suna a cikinsu, Ham, a dajin Kamaru aka haife shi, aka kama shi yana ƙarami aka sayar, ya ƙare a sansanin sojan sama na New Mexico ana koya masa jan hannuwan inji idan fitila ta kama. Ranar 31 ga Janairu 1961 ya yi tafiyar minti 16 da 'yan kai, ya faɗo teku da rai.

Da Alan Shepard ya tashi ranar 5 ga Mayu 1961, tafiyar tasa ba ta kai ta Gagarin ba ko kusa: minti 15 ne, ya hau ya sauko, bai kewaya duniya ba. Amma mutane kimanin miliyan 45 sun kalla kai tsaye a talabijin, sun san cewa idan rokar ta tarwatse a idonsu za ta tarwatse. Wannan ya yi wa Amurka amfanin da alƙaluma ba su nuna ba. Shugaba John Kennedy, wanda a watan da ya gabata ya sha kunya biyu a mako guda, tafiyar Gagarin da kuma mamayar Kyuba da ta watse a Bay of Pigs, ya tsaya gaban majalisa ranar 25 ga Mayu ya ɗaukar wa ƙasarsa alkawarin kai mutum duniyar wata ya dawo kafin shekarun 1960 su ƙare. Ƙasar da duk abin da ta mallaka na gogewa minti 15 ne. A watan Agusta Gherman Titov, ɗan shekara 25, ya kewaya duniya sau 17, ya yi barci a sama, ya kuma zama mutum na farko da jiri da amai na sararin samaniya suka kama.

A nan ne Kano ta shigo labarin.

Kumbon da ke gudun kusan kilomita 28,000 a awa yana kewaya duniya cikin kimanin minti 88, kuma rediyon da yake magana da shi ba ya lanƙwasawa ya bi bayan ƙasa. Tashar da ke ƙasa tana jin sa ne daga lokacin da ya ɓullo ta yamma zuwa lokacin da ya faɗa ta gabas, 'yan mintuna kaɗan ke nan. Tarayyar Sobiyet tana da faɗin ƙasar da za ta jera tashoshinta a cikin gida, ta ƙara da jiragen ruwa. Amurka kuwa, wadda likitocinta suka dage cewa kada a bar matuƙi ya daɗe ba a ji muryarsa ba, domin a lokacin ba wanda ya san abin da rashin nauyi zai yi wa hankali da zuciyar mutum, dole ta nemi aron ƙasa a hannun wasu. Aka tsara tashoshi 18 a zagayen duniya, biyu daga ciki a kan jiragen ruwa: Bermuda, tsibiran Kanari, Kano, Zanzibar, Muchea da Woomera a Ostireliya, tsibirin Canton, Hawaii, Guaymas a Meziko, da sauransu. Kumbo na barin hannun wannan ya faɗa hannun wancan, kamar yadda fatake ke barin zango su sauka a zango.

Kano ta dace da layin. Kumbon da ya tashi daga Cape Canaveral a Florida ya nufi gabas, bayan ya tsallake Atlantika ya wuce Kanari, ta kan Sahara da arewacin Najeriya yake gangarowa kudu maso gabas. Birnin kuma yana da filin jirgin sama da manyan kamfanonin Turai ke yada zango a kansa, don haka shigo da kaya da ma'aikata ba wahala. An sa hannu a yarjejeniyar a watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan Najeriya ta karɓi mulkin kai, abin da ya sa ta cikin yarjejeniyoyin farko-farko da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla da wata ƙasa.

Tashar ta Kano ba mai juya kumbo ba ce. Aikinta saurare da magana. Eriyoyinta na kama bayanan da na'urorin kumbo ke zubowa: zafin ɗaki, yawan iskar shaƙa, ragowar mai, bugun zuciya da numfashin matuƙi. Idan tafiya ta gabato, NASA kan turo ƙaramar tawaga: mai magana da matuƙi, injiniyan da ke lura da na'urori, da likita. Da zarar kumbo ya wuce, sai su rubuta taƙaitaccen rahoto su buga ta na'urar tangarahu mai rubutu, ya bi ta rediyo da wayoyin ƙarƙashin teku zuwa cibiyar Goddard kusa da Washington, inda manyan kwamfutocin IBM suke, da kuma ɗakin ba da umarni a Florida. Makonni na atisaye, domin aikin mintuna shida ko bakwai.

Ba kowa ya karɓi irin waɗannan tashoshi hannu bibbiyu ba, kuma masu zargi suna da hujja. A watan Fabrairun 1960 Faransa ta fasa bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, inda iskar hunturu ke tasowa ta gangaro Afirka ta Yamma; ɓacin ran ya kai Najeriya ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961. A watan Mayun 1960 kuma Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, Washington ta fara da ƙaryar cewa jirgin binciken yanayi ne na NASA, kafin shugaban Sobiyet Khrushchev ya fito da matuƙin da ransa. Bayan wannan, duk wanda aka ce masa tashar NASA ta kimiyya ce zalla yana da dalilin ɗaga gira. A cikin gida ma ɗalibai na zanga-zanga kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda aka soke a farkon 1962. A Zanzibar adawar ta fito titi, ana cewa tashar sansanin makami mai linzami ne, kuma bayan juyin juya halin Janairun 1964 sabuwar gwamnati ta sa aka rufe ta, NASA ta koma Madagaska. Ta Kano ta tsira.

An gwada layin da kumbo marar mutum a watan Satumban 1961, sannan da wani biri mai suna Enos da ya kewaya sau biyu a ƙarshen Nuwamba. Sai ranar Talata, 20 ga Fabrairu 1962, bayan an ɗage tafiyar sau da dama saboda yanayi da matsalolin inji, John Glenn, laftanar kanar na sojan ƙundumbala mai shekara 40, ya tashi a kumbon Friendship 7. Kafin ranar, shi da kansa ya nemi a sa Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi a cibiyar Langley, ta sake bin alƙaluman da kwamfuta ta fitar da hannu.

Ƙarfe 9:47 na safe ne a Florida, wato huɗu saura na yamma a Najeriya. Ana tsakiyar azumin Ramadan, Sarki Muhammadu Sanusi na kan gadon sarautar Kano, dalar gyaɗa na jibge a gefen layin dogo. Minti ashirin da 'yan kai bayan tashi, daidai lokacin la'asar, Glenn ya shigo kunnen Kano. Ya leƙa ta taga ya ba da rahoton cewa yana ganin guguwar ƙura a ƙasa. Mai magana daga Kano ya amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yin Fabrairu a Kano ya san me suke nufi: hazo ne, irin wanda ke mayar da rana farin faifai ya busar da leɓe. A daidai wannan yanki ne kuma Glenn ya karɓi linzami da hannunsa ya juya hancin kumbon ya fuskanci gaba, yana gwada ko mutum zai iya tuƙi a inda babu nauyi.

Daga nan ya shiga dare a kan tekun Indiya. Mutanen birnin Perth na Ostireliya suka kunna fitilun gidaje da na tituna domin ya gan su, ya kuwa gani ya aika da godiya. Da gari ya waye masa a kan tekun Pasifik ya ga dubban ƙananan abubuwa masu ƙyalli suna yawo a jikin kumbo, abin da jaridu suka yi ta cece-kuce a kai har sai da Scott Carpenter, a tafiyarsa ta watan Mayu, ya bugi bangon kumbonsa ya ga ɓarɓashin ƙanƙara ne ke tashi.

Tashin hankalin ya zo a zagaye na biyu. Wata alama ta nuna wa injiniyoyi cewa garkuwar da ke kare kumbo daga zafin shigowa ta kwance. Idan gaskiya ne, Glenn zai ƙone. Aka sa tashoshi suna yi masa tambayoyi a kaikaice ba tare da an gaya masa dalili ba, abin da ya ɓata masa rai daga baya. A ƙarshe aka ce kada ya yar da ƙunshin rokokin birki, ko igiyoyinsa za su riƙe garkuwar. Ya shigo yana ganin gutsattsarin ƙunshin na wucewa ta taga suna ci da wuta. Ashe makunni ne ya lalace, garkuwar lafiya lau take. Bayan zagaye uku da awa 4 da minti 55, ya faɗa Atlantika, jirgin yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Duk wannan ana yi dubban mutane na tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York, sun zuba wa babban allon talabijin ido.

Abin da ya biyo baya yawon tallar gwarzaye ne, kowane ɓangare da hajarsa. Sobiyet ba ta nuna kumbonta ba, domin ainihin siffar Vostok sai a 1965 aka bari jama'a suka gani, don haka mutum ta tura. Gagarin, gajere mai yawan murmushi, ya ci abinci da Sarauniyar Ingila a watan Yulin 1961, ya je Manchester bisa gayyatar ƙungiyar ma'aikatan narka ƙarfe, ya je Kyuba da Indiya. A farkon 1962 ya sauka Masar, Gamal Abdel Nasser ya ba shi lambar girma, ya wuce Ghana ta Kwame Nkrumah da Laberiya. Amurka kuwa ta ɗora Friendship 7, da baƙin ƙunarsa, a jirgin dakon kaya na soja ta zaga da shi birane kusan 30, ciki har da Akara da Legas da Alƙahira. Mutane suka yi dogayen layuka domin su leƙa cikin ɗakin da ba ya ɗaukar mutum sai a kishingiɗe. Dabarar ta fi ta Mosko wayo: murmushi ana iya koya wa mutum, amma ƙarfen da ya ƙone kowa na iya zuwa ya duba da idonsa.

Zamanin gaba ɗaya ya kamu da zazzaɓin sama. A 1962 aka buɗe baje kolin duniya a Seattle da doguwar hasumiyarsa mai kama da faranti a kan sanda, aka fara zanen barkwancin The Jetsons a talabijin, ƙungiyar makaɗan Ingila The Tornados ta yi kiɗan da ta sa wa sunan tauraron Telstar ya hau kan gaba a Ingila da Amurka. A Sobiyet, jarirai maza da yawa na 1961 Yuri aka raɗa musu. A Zambiya, wani malamin makaranta, Edward Makuka Nkoloso, ya shelanta a 1964 cewa zai riga manyan ƙasashen biyu zuwa wata, yana horar da matasa ta hanyar mirgina su cikin ganga daga kan tudu. Har yau ana gardama ko da gaske yake ko shaguɓe ne yake yi wa masu tseren.

Amma akwai labaran da kumbo bai iya rufewa ba. Watan Mayun 1963 ya isa misali. A farkonsa hotunan karnukan 'yan sanda suna yagar baƙar fata masu zanga-zanga a Birmingham ta jihar Alabama suka zaga duniya. A tsakiyarsa Gordon Cooper ya kewaya duniya sau 22, ya aika da gaisuwa daga sama ga wakilan Afirka da ke taro a Adis Ababa, taron da ya haifi Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ranar 25 ga watan. Mai karatu a Akara ko Kaduna yana ganin labaran biyu a jarida ɗaya. A watan Oktoba NASA ta zaɓi sabbin matuƙa 14, babu Ed Dwight, baƙin kyaftin ɗin sojan sama da gwamnatin Kennedy ta yi ta tallata hotonsa. Mosko ta yi amfani da wannan giɓi, kamar yadda ta yi da na mata: ranar 16 ga Yuni 1963 Valentina Tereshkova, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa mai shekara 26, ta tashi ta kewaya sau 48, fiye da jimillar duk matuƙan Mercury. Sai dai nuni ne kawai, domin Sobiyet ba ta sake tura mace ba sai bayan shekara 19.

Najeriya ta ɗauki rawar da take takawa da muhimmanci har ta sa ta a kan sarki. A 1963 aka fitar da guda biyu kan amfani da sararin samaniya cikin lumana: ɗaya da kumbon Mercury a saman tashar Kano, ɗaya da tauraron Syncom da jirgin ruwan Amurka Kingsport a tashar Legas. Ta wannan jirgi ne ranar 23 ga Agusta 1963 Kennedy ya yi waya da Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi magana kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Sun taɓo yarjejeniyar taƙaita gwajin nukiliya da aka sa wa hannu a Mosko a farkon watan, sun kuma taɓo dambe, domin makonni biyu kafin nan ɗan damben Najeriya Dick Tiger ya doke Ba'amurke Gene Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Bayan wata uku aka harbe Kennedy a Dallas.

Tashar Kano ta ci gaba da aiki a shirin Gemini, mai ɗaukar mutum biyu, tana miƙa murya tsakanin kumbo da sabuwar cibiyar umarni ta Houston. A watan Satumban 1965 Cooper da Pete Conrad, waɗanda suka yi kwana takwas a sama cikin Gemini 5, suka zo Najeriya a rangadin da shugaban Amurka Johnson ya tura su, bayan Habasha da Madagaska da Kenya. Gemini ya kammala a watan Nuwamban 1966, shekarar da aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna, ƙasar ta kama hanyar yaƙin basasa. Shirin Apollo da ya biyo baya manyan eriyoyi yake buƙata masu jiyo kumbo daga nisan wata, aka gina su a Kalifoniya da Sifen da Ostireliya, aka ƙara da jiragen ruwa da na sama da taurarin sadarwa irin jikokin Syncom. Kano ba ta cikin sabon jerin, aka rufe tashar.